Mujallun Ilmin Labarin Ƙasa: Asalinsu, Aikinsu, da Abin da Suka Faɗa Game da Ƙasar Hausa



1.0 Gabatarwa

Abin da za mu tattauna a kansa yau shi ne mujallun da masana labarin ƙasa suke buga sakamakon bincikensu a ciki. Mai yiwuwa wani ya ce, ina ruwan malamin Hausa da labarin ƙasa? To, ƙasar da aka shafe kusan shekara 200 ana rubutu a kanta cikin waɗannan mujallu, har da tamu a ciki, kuma sunayen da manomi yake kiran tudunta da kwarinta da su na Hausa ne. Bayan wannan, abin da aka buga a mujallu ba ya tsayawa a ɗakin karatu. Daga can yake shiga littattafan makaranta, ya shiga rahotannin ma'aikatu, a ƙarshe ya zama dalilin da Hukuma za ta kashe kuɗi a kan wani aiki, ko ta hana talaka wani abin da ya saba yi a gonarsa. Saboda haka wajibi ne ɗalibi da ma'aikaci su san yadda waɗannan mujallu suke aiki, da inda za a amince da su, da inda ya kamata a yi hattara.

Zan fara da bayyana ma'anar mujallar ilmi. Sa'an nan in kawo tarihin mujallun labarin ƙasa a taƙaice. Daga nan sai mu zauna a kan misali guda, watau gardamar da aka daɗe ana yi game da gurgusowar hamada. A ƙarshe mu dubi namu mujallun na gida da matsayin harshen Hausa a cikin al'amarin.

2.0 Mece ce Mujallar Ilmi?

Mujallar ilmi ta bambanta da jarida ta kuma bambanta da littafi. Jarida labarin yau take kawowa ga kowa da kowa. Littafi kuwa yawanci tattara abin da aka riga aka sani yake yi. Ita mujallar ilmi takan fito ne lokaci-lokaci, sau biyu ko sau huɗu a shekara, ɗauke da maƙalu waɗanda kowacce take da'awar ta zo da wani sabon abu, tare da hujjarsa. Biyu na farko a Turai sun fito a shekara guda, 1665: Journal des Sçavans a birnin Faris cikin watan Janairu, da Philosophical Transactions a Landan cikin watan Maris, wadda Henry Oldenburg ya yi wa edita. Ta biyun tana fitowa har yanzu.

Aikin irin wannan mujalla iri huɗu ne. Tana shaida wanda ya fara gano abu da ranar da ya gabatar da shi. Tana tantance aikin kafin a buga. Tana yaɗa shi ga sauran masana. Tana kuma adana shi, yadda wanda ya zo bayan shekara ɗari zai iya komawa ya ga ainihin abin da aka faɗa.

Tantancewa ita ce ginshiƙin al'amarin a zamanin nan. Idan manazarci ya aika da maƙala, edita yakan duba ko ta dace da mujallar. In ta dace sai ya tura ta ga masana biyu ko uku na wannan fanni, galibi ba tare da marubucin ya san ko su wane ne ba, sau da yawa su ma ba a gaya musu sunansa. Su ne za su bincika yadda aka yi awo, da yawan wuraren da aka auna, da ko hujjar ta isa ɗaukar nauyin maganar da aka ɗora mata. Suna iya cewa a buga, ko a gyara, ko a mayar wa mai ita. Ya kamata a lura cewa wannan tsari bai zama ruwan dare ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Kafin nan yawanci edita ne, ko majalisar ƙungiya, yake yanke hukunci.

Ga wanda ya tashi cikin karatun zaure, wannan ba baƙon abu ba ne ƙwarai. Malamanmu ba su karɓar magana sai sun ji daga wa aka samo ta, shi kuma daga wa ya ji, watau isnadi. Jerin sunayen ayyukan magabata da ake gani a ƙarshen kowace maƙala isnadinta ke nan. Kuma kamar yadda akan sami isnadi mai rauni, haka akan sami maganar da ta yaɗu cikin maƙalu ɗari, amma in aka bi salsalarta sai a tarar duka daga bakin mutum ɗaya ta fito. Za mu ga misalin haka nan gaba.

3.0 Asalin Mujallun Labarin Ƙasa

Ƙungiyoyin masana labarin ƙasa su ne suka haifi mujallun fannin. An kafa ta Faris a 1821, ta Barlin a 1828, ta Landan kuma a 1830. Ita ta Landan ta haɗiye wata tsohuwar ƙungiya da aka kafa tun 1788 domin binciken cikin Afirka, wadda ita ce ta aiko Mungo Park. Babbar tambayar da ta dami Turawan wancan zamani kuwa ita ce, ina kogin Kwara yake ƙarewa? Wasu sun ce cikin Tafkin Cadi yake zuba, wasu sun ce da Nilu yake haɗuwa, wasu kuma suka ce shi ne kogin Kwango. Park ya mutu a Busa a 1806 bai sami amsa ba. A 1830 ne Richard Lander da ƙanensa John suka shiga kwalekwale daga Busa, bayan sun ziyarci Yawuri, suka bi kogin har teku. Labarin wannan tafiya yana cikin kundi na farko na mujallar ƙungiyar Landan, na 1831. Watau tun fitowarta ta farko akwai labarin ƙasashenmu a ciki.

A nan akwai abin lura. Lokacin da Clapperton ya iso Sakkwato a 1824, ya tarar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello masani ne na labarin ƙasa. Littafinsa Infaƙul Maisuri ya buɗe ne da bayanin ƙasashen Tukururu ɗaya bayan ɗaya. An ba Clapperton taswira da wani yanki na wannan littafi, aka kuma buga su a Landan a 1826 cikin labarin tafiyarsa. Haka Dokta Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, da ya taso daga Tarabulus a 1850, ya biyo ta Agadas, ya shiga Katsina da Kano a farkon 1851, ya ci gaba zuwa Kukawa da Yola, daga baya Wurno da Gwandu da Tambutu. Mafi yawan zangunan da ya jera cikin littattafansa, na hanyoyin da bai taka da ƙafarsa ba, daga bakin fatake da alhazai da malamai ya samo su, kuma shi kansa bai ɓoye haka ba. Ashe ilmin yana nan a wurinmu. Abin da Turawa suka fi mu da shi shi ne ma'ajiya mai tsari wadda ake tarawa, a gwada maganar wannan da ta wancan, a buga, a rarraba.

Wanda ya mayar da wasiƙun Barth taswira wani Bajamushe ne, August Petermann. A 1855 ya kafa mujalla a garin Gotha, wadda aka san ta da sunansa, Petermanns Mitteilungen. Ta shahara saboda kyawun taswirorinta da saurin kawo labarin matafiya, ta kuma rayu har 2004.

Amma bugawa ba ta hana kuskure. A 1798 wani mai zanen taswira, James Rennell, ya zana wasu dogayen duwatsu da ya kira Duwatsun Kong, waɗanda daga baya aka riƙa nuna su sun ratsa Afirka ta Yamma daga yamma zuwa gabas. Mazana suka yi ta kwafa daga juna har kusan shekara 90, sai da wani hafsan Faransa, Binger, ya ratsa yankin tsakanin 1887 da 1889 ya tabbatar babu su. Isnadi mai rauni ke nan: mutum ɗaya ya yi zato, saura suka ɗauka.

Haka kuma ba za a raba mujallun wancan zamani da mulkin mallaka ba. Mujallar Landan, wadda ta koma The Geographical Journal a 1893, ta buga laccar Gwamna Lugga a kan Nijeriya ta Arewa a farkon 1904, watau ba a cika shekara da cin Kano da Sakkwato ba. A wannan shekarar kuma ta buga ta Manjo Burdon a kan masarautun Fulani. Mai karanta irin waɗannan maƙalu yau zai sami bayanai masu amfani, amma lalle ya riƙa tuna wanda ya rubuta da abin da ya kawo shi.

Daga ƙarshen ƙarni na 19 fannin ya koma hannun jami'o'i, mujallu suka bar ba da labarin tafiye-tafiye suka shiga neman dalilan abubuwa. Vidal de la Blache ya kafa Annales de Géographie a Faransa a 1891. Ta ƙungiyar masanan Amurka ta fara fitowa a 1911. A mujallar Petermann ne Alfred Wegener ya buga ra'ayinsa a 1912 cewa nahiyoyin duniya a da dunƙule suke wuri ɗaya, daga baya suka rabu. Mafi yawan masana sun yi watsi da shi, sai cikin shekarun 1960 da aka auna ƙarƙashin teku aka ga yana da gaskiya. Da ba a adana maganarsa ba, da ba a san shi ya riga kowa tsara ta da hujja ba.

4.0 Gardamar Hamada

Yanzu sai mu zo ga misalin da ya fi shafarmu. A 1934 wani shehun malamin gandun daji na Jami'ar Edinbara, E. P. Stebbing, wanda ya daɗe yana aiki a Indiya, ya kewaya Afirka ta Yamma, har ya ratsa arewacin Nijeriya da kudancin Nijar. Da rani ya zo. Ya ga ƙasa ta bushe, iska tana kwasar rairayi, itatuwa sun kaɗe. A 1935 ya buga maƙala a The Geographical Journal yana cewa Sahara tana gurgusowa kudu, kimanin kilomita ɗaya kowace shekara tun ƙarni uku da suka wuce, kuma laifin na manoma da makiyaya ne masu sare daji da ƙona shi. Maganin da ya kawo shi ne a kafa wani dogon shinge na kurmi wanda zai tare hamadar.

Maganar ta tayar da hankalin gwamnatocin Ingila da Faransa, har suka kafa kwamitin haɗin gwiwa na jami'an gandun daji da masana ƙasa, wanda ya bi iyakar Nijeriya da Nijar daga ƙarshen 1936 zuwa farkon 1937. Kwamitin bai ga alamar rairayi yana tafiya yana binne gonaki gaba ɗaya ba, bai kuma ga hujjar cewa ruwan rijiyoyi yana ta nisa ba. Abin da ya gani shi ne lalacewar ƙasa a wurare daban-daban saboda sare itatuwa da yawan noma, abin da za a iya gyarawa a inda ya auku. Ɗaya daga cikin 'yan kwamitin, Brynmor Jones, ya buga amsa a cikin ita wannan mujallar a 1938, Dudley Stamp kuma ya ƙara tasa a Geographical Review ta Amurka a 1940. Ku lura, mujallar da ta buga da'awar ita ce ta buga raddin. Wannan shi ne amfaninta.

To, rairayin da Stebbing ya gani fa, daga ina yake? A 1958 A. T. Grove ya buga maƙala a wannan mujalla dai a kan tsofaffin tuddan rairayi na ƙasar Hausa. Ya nuna cewa jigayin da suka miƙe a arewa maso gabashin Kano, jere-jere da kwaruruka a tsakaninsu, iska ce ta tara su a wani zamani mai nisa da ƙasar ta fi yanzu bushewa ƙwarai, daga baya ruwa ya dawo, ciyawa da itatuwa suka ɗaure su. Binciken da ya biyo baya ya sa wannan zamanin fari tsakanin shekara 20,000 da 12,000 da suka wuce. Bayansa kuma aka yi zamanin ruwa, har Tafkin Cadi ya cika ya kawo gaɓarsa inda Maiduguri da Bama suke a yau. Dogon tudun rairayin da ya bi ta waɗannan garuruwa tsohuwar gaɓar ce. Kwalekwalen da wani makiyayi ya tono a Dufuna ta Jihar Yobe a 1987, mai kimanin shekara 8,000, shaida ne na wancan zamani. Ma'anar wannan ita ce, rairayin yana nan ƙarƙashin gonakinmu tun fil azal. In an tone masa asiri ta hanyar cire abin da ya rufe shi, sai ya tashi a nan inda yake, ba sai an jira wani ya taso daga Azbin ba.

Da aka yi farin 1968 zuwa 1974 sai tsohuwar magana ta farfaɗo. A 1975 wani masani, Hugh Lamprey, ya shawagi da jirgin sama a arewacin Sudan, ya gwada abin da ya gani da wata taswirar tsirrai ta 1958, ya ce hamada ta matso kilomita 90 zuwa 100 cikin shekara 17, watau kilomita 5.5 a shekara. Rahoto ne ya rubuta wa hukumomi, ba a bi da shi ta hannun masu tantancewa ba, kuma ya gwada shekarar da ta biyo bayan damunoni masu albarka da shekarar da ta biyo bayan fari. Duk da haka adadin ya shiga bakin duniya, musamman bayan taron Majalisar Ɗinkin Duniya a kan hamada da aka yi a Nairobi a 1977. Cikin shekarun 1980 Ulf Helldén da abokan aikinsa na Jami'ar Lund ta Suwidin suka koma wannan yanki da hotunan tauraron ɗan'adam, ba su sami wannan tafiya ta hamada ba. Sa'an nan a 1991 Compton Tucker da abokansa biyu suka buga a mujallar Science abin da tauraro ya nuna na shekara 11. Iyakar kudu ta Sahara ta matso kimanin kilomita 240 tsakanin 1980 da 1984, amma a shekara guda, 1985, ta ja da baya kimanin kilomita 110. Watau tana bin ruwan sama ne, tana gaba tana baya.

A gefe guda kuma akwai masu bin gona-gona da ƙafa. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya daga 1962 sa'an nan a Kano har 1986, ya daɗe yana nazarin karkarar Kano, inda mutane suka fi cunkuso. Bisa ra'ayin Stebbing nan ne ya kamata ƙasa ta fara mutuwa. Abin da aka tarar kuwa shi ne ana noma gona kowace shekara ba hutu, amma ana ciyar da ita da takin dabbobi da sharar birni da jakuna suke kaiwa, ana haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa, ana kuma kiwon ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo a cikin gona kamar yadda ake kiwon dabba. A Nijar ma, daga tsakiyar shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka riƙa barin tohon kututture yana girma a gonakinsu maimakon sassabe shi. Binciken da aka yi da hotunan sama cikin shekarun 2000 ya kiyasta cewa itatuwa sun dawo a fili mai kimanin hekta miliyan 5.

Kada a fahimce ni da cewa babu matsala. Wanda ya je arewacin Yobe ya ga rairayi yana barazana ga dausayoyi, ko ya ga yadda dazuzzuka suka ƙare saboda itacen girki da faɗaɗa gonaki, ya san akwai ta. Abin da shekara 90 na gardama a mujallu ya gyara shi ne siffar matsalar, kuma siffar ciwo ita take nuna magani. In hamada runduna ce mai tahowa daga arewa, sai a gina mata ganuwa. In kuwa ƙasa ce take lalacewa gona-gona, to maganin yana hannun mai gonar, aikin Hukuma kuma shi ne ta tabbatar masa itacen da ya raina nasa ne. Shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 ya fara ne da siffar shinge mai faɗin kilomita 15 daga Dakar zuwa Jibuti, kusan irin na Stebbing, daga baya aka sake masa fasali ya koma gyaran ƙasa wuri-wuri. Saboda haka in ma'aikaci ya ga an rubuta cewa hamada tana cin mita 600 kowace shekara a Nijeriya, kamar yadda ake yawan faɗa, haƙƙinsa ne ya tambaya: wa ya auna, a ina, daga wace shekara zuwa wace?

5.0 Mujallunmu na Gida

An fara koyar da labarin ƙasa a Kwalejin Jami'a ta Ibadan tun buɗe ta a 1948, mujallar ƙungiyar masanan Nijeriya kuma, The Nigerian Geographical Journal, ta fara fitowa a 1957. A 1972 Jami'ar Ahmadu Bello ta fito da Savanna, wadda ta ba da ƙarfi ga muhalli da zaman jama'ar ƙasashen Sudan. Ta zo a kan gaɓa, domin a 1973 ta buga bayanin yunwar da ake ciki a ƙasar Hausa tun abin yana ɗanye, daga alƙalamin waɗanda suke zaune a wurin. Masanan gida kuma sun yi suna a waje. Maƙalar Akin Mabogunje ta 1970 a Geographical Analysis, a kan ƙaurar mutane daga ƙauye zuwa birni, har yanzu ana kafa hujja da ita, shi ne kuma ɗan Afirka na farko da ya shugabanci ƙungiyar masana labarin ƙasa ta duniya, daga 1980 zuwa 1984.

Tsuke bakin aljihun da aka shiga daga 1986 ya karya wannan tafiya. Darajar naira ta faɗi, ɗakunan karatu suka kasa sabunta odar mujallun waje, na gida kuma suka riƙa tsallake shekaru saboda tsadar takarda. Zuwan intanet ya sauƙaƙa wani abu ya kuma kawo nasa. Mafi yawan manyan mujallun fannin suna hannun 'yan kamfanoni kaɗan na Turai da Amurka. Ko dai mai karatu ya biya, ko marubuci ya biya domin a bar maƙalarsa a buɗe, kuɗin da a wasu mujallu yakan kai dala 3,000 ko fiye. Sai ya zama ɗalibin da ke Haɗeja ba ya iya karanta binciken da aka yi a kan fadamar Haɗeja. Akwai sassauci ta hanyar African Journals Online da aka fara a 1998, wadda ta tattara mujallun Afirka fiye da 500, da shirye-shiryen da ke ba jami'o'in ƙasashe matalauta damar karatu kyauta ko da rahusa. Ya kamata kowane ɗalibi ya tambayi ma'aikatan ɗakin karatu abin da jami'arsa take da izinin shiga.

Ɗaya cutar kuma ita ce mujallun bogi. Tun da ƙarin girman malamin jami'a ya rataya a kan yawan abin da ya buga, sai 'yan kasuwa suka buɗe mujallu masu manyan sunaye waɗanda ke karɓar kuɗi su buga kome cikin 'yan kwanaki. Alamarsu a fili take: alkawarin bugawa cikin mako guda, da haɗa fannonin da ba su da dangantaka, da wasiƙun roƙon maƙala ga wanda ba su sani ba. Tantancewa ta gaskiya takan ci watanni.

6.0 Matsayin Harshe

Mai karanta maƙalun da aka rubuta a kan ƙasarmu zai riƙa cin karo da kalmomin Hausa tsirara cikin Ingilishi da Faransanci. Fadama ta shiga, har ta zama sunan wani babban shirin noma na ƙasa. Cin rani ya shiga tun 1957, lokacin da Mansell Prothero ya rubuta a kan matafiyan lardin Sakkwato. Dalili kuwa shi ne babu kalmar Turanci da ta yi daidai da su. Bahaushe ya rarrabe jigawa da laka da fako, ya rarrabe karkara da saura da daji, ya san burtali da makiyaya. Inda littafin makaranta ya ce yanayinmu biyu ne, rani da damina, manomi ya san bazara da marka da agazari da kaka da hunturu, kowanne da aikinsa. Ya sa wa yunwa suna, kamar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, yadda tsofaffi suka zama ma'ajiyar tarihin ruwan sama. Sunayen garuruwa ma hujja ne: inda ake kira kurmi ko tafki alhali babu ko ɗaya a yau, sunan yana ba da labarin yadda wurin yake a da.

Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Amma ilmin yakan fita daga bakin manomi da Hausa, a buga shi da Turanci a wata ƙasa, ba ya komowa. Ba ina cewa masananmu su daina rubutu da Ingilishi ba, domin dole su yi gardama da takwarorinsu na duniya. Shawarata ita ce kowace mujallar gida ta riƙa sa tsakuren maƙala da harshen mutanen da aka yi binciken a cikinsu, sassan Hausa da na labarin ƙasa kuma su zauna tare su daidaita keɓaɓɓun kalmomi, su fara da waɗanda manoma suke da su kafin su ƙirƙiro sababbi. Mujallar Harsunan Nijeriya ta Kano ta daɗe da nuna cewa ana iya rubuta nazari mai zurfi da Hausa. Abin da ya yiwu a nahawu da adabi zai yiwu a kan ƙasa da ruwa.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa mujallar ilmi zaure ce inda masana suke kawo hujja a gwada ta, kuma maƙala ɗaya murya ɗaya ce a cikin zauren. Ga ɗalibi da ma'aikaci, ina ba da shawarar tambayoyi biyar duk lokacin da maƙala ta zo hannu. Wace mujalla ce, kuma tana tantancewa? A wace shekara aka yi awon, da wane lokaci na shekara? Wurare nawa aka duba, kwana nawa aka yi? Adadin da aka kawo, marubucin ne ya auna ko ya ɗauko daga wani, shi kuma wanin daga ina? Sa'an nan, wa ya mayar da martani daga baya? Wanda ya karanta Stebbing na 1935 bai karanta Jones na 1938 ba, rabin zance ya ji.

Ga hukumomin jami'a da na gwamnati kuma, roƙona shi ne a tallafa wa mujallun gida su riƙa fitowa a kan kari, a tattara tsofaffin kundayen Savanna da takwarorinta a sa su inda kowa zai samu, ma'aikatu kuma su riƙa ajiye alƙaluman ruwan sama da zurfin rijiyoyi shekara bayan shekara, su kuma buɗe su ga manazarta. Gardamar hamada ba ta sami haske ba sai da aka tara awon shekaru masu yawa, kuma wanda zai yi irin wannan nazari nan gaba, da abin da aka rubuta a ofisoshinmu yau zai yi shi.